Hannun Wa Ke Cikin Zanen?

"Ka goge shi!"

Auta ce ta faɗa, tana tsaye a bayan kantar sayarwa a kantin maganin da take aiki, waya manne da kunnenta, ɗaya hannun tana dukan katakon kantar da shi.

"Ka ji ni ko ba ka ji ni ba? Na ce ka goge shi yanzu-yanzun nan!"

"Tawadata, ki tsaya mana..."

"Kar ka ƙara ce min Tawadarka! Bahago, wai kai wane irin mutum ne? Me na rubuta a babin nan? Cewa na yi Kyaftin ya riƙe hannun Likita a bakin jirgi. To hannun wa ka zana?"

Ya ce a hankali, "Hannun... Kyaftin."

"Hannun ubana ne!"

Wata tsohuwa da ta shigo da takardar asibiti ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"'Yar nan, lafiya? Ko in dawo anjima?"

"Lafiya lau, Iya, shigo."

Ta kife wayar a kan kantar, ta ɗauko wa tsohuwar maganin tarinta, ta gaya mata yadda za ta sha. Tsohuwar na fita ta sake ɗaukar wayar. Yana nan, bai kashe ba.

"Ina jin ka. Yi min bayani."

"Ke kika turo min hoton," in ji shi.

"Don wane babi na turo maka?"

"Don babin da mahaifin Likita yake kwance ba lafiya."

"To me ya kai shi jikin saurayi?"

"Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Jijiyoyin nan, kanta a tafin, farcen babban yatsan da ya tsage... Kyaftin mutum ne da ya sha igiya da ruwan gishiri, ba zai yi hannu sumul kamar nawa ba. Na gwada wasu hannayen, duk sun ƙi zama. Da na sa wannan sai zanen ya tashi."

"Ya tashi! Ni kuma ka kwantar da ni!"

"Zuciyata, babu wanda zai gane..."

"Nawa hannun fa? Ka zana tabon ƙunar da ke wuyan hannuna. Ka zana zoben da Umma ta ba ni. Me ya rage, ka rubuta sunana a ƙasa?"

"Kin san in aka ɗora abu a zaurenmu na waya ba ni da ikon cire shi. Sai Uwar Zaure."

Auta ta ja tsaki mai tsawo, ta kashe wayar.

Ga yadda abin yake. Akwai wani shirin talabijin mai dogon zango da matasa suka haukace a kansa, labarin wani kyaftin na jirgin ruwa da likitar jirginsa. Aka yi ta ja musu rai, ana kallon juna, ana sunkuyar da kai, ƙarshe masu shirin suka rufe shi ba tare da ko ɗaya ya furta wa ɗan'uwansa komai ba. Mai hankali zai kashe akwatinsa ya kama harkar gabansa. Amma yaran yanzu ba sa haƙura. Suka buɗe zaure a waya, suka ce su za su ƙarasa labarin da kansu. Masu rubutu na rubutawa, masu zane na zanawa. Kowane zango sai a jefa ƙuri'a, a haɗa marubuci ɗaya da mai zane ɗaya, babi ya fito tare da hotonsa. Kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Auta ta zama Tawada. Shi kuwa da hagu yake zane, shi ya sa ake ce masa Bahago.

Tun ranar da ƙuri'a ta haɗa su ba su yi kwana guda ba tare da rigima ba.

Ta rubuta Likita na kuka, ya zana ta tana cije leɓe.

"Wannan matar ba ta kuka a gaban mutane," in ji shi.

Ta rubuta hadari, ya zana rana tsaka.

"Ni na rubuta ko kai?"

"Ke kika rubuta. Ni kuma na karanta abin da kike nufi."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, sau da yawa in ta huce ta sake dubawa, sai ta ga nasa ya fi. Ba ta taɓa gaya masa ba.

Daga faɗan waya sai ga shi ya gano kantin da take aiki. Ya zo sayen maganin ciwon kai. Washegari ya dawo sayen maganin ciwon kai. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne ta ce masa, "Malam, ko dai ka je asibiti a duba kan nan, ko ka faɗi abin da ya kawo ka." Ya faɗa. Ita ma, bayan ta gama jan ajinta, ta amsa. Gida dai ba wanda ya sani, ba zancen rubutun ba, ba zancen Bahago ba.

Hoton kuwa da labarinsa. Baban Auta kafinta ne, mutum mai tsare gida, wanda bai yarda ko 'ya'yansa su ga gazawarsa ba. Bara ciwo ya kayar da shi, aka kwantar da shi asibiti. Kafin ya fita hayyacinsa ya kafa doka: ban da 'yan dubiya, ban da ɗaukar hoto, kada wanda ya gan shi a haka. Auta ce ke zama da shi da rana. Wata rana da ta ga numfashinsa ya yi ƙasa, tsoro ya kama ta, ta ɗauki hoton hannunta cikin nasa, don ko da ta Allah ta kasance ta samu abin dubawa. Ya warke, ya koma shagonsa. Hoton ya zauna a wayarta. Da Bahago ya ce ta turo masa hoton hannu da zai kalla ya zana, don masu zane haka suke aiki, sai ta tura masa wannan.

Ganganci ne, ba shi da wani suna.

Ta kira Uwar Zaure. Wannan tare suka yi makaranta, ta san gidansu Auta ciki da waje, ita ce kuma ke riƙe da zauren. A zangon da ya wuce ita ƙuri'a ta haɗa da Bahago, kuma tun da aka raba su take wa Auta wani irin murmushi.

"Ƙawata ta kaina!" in ji ta. "Kin ga yadda zanenku ya tayar da zaure? Kowa sai zancen hannun Kyaftin!"

"Shi na kira ki a kai. Don Allah ki cire shi."

"In cire? Me ya yi zafi?"

"Akwai kuskure a ciki."

"Ni ban ga kuskure ba. Sai dai na ga wani zobe kamar na san shi..." Ta yi 'yar dariya. "Wai tare kuka zauna ya zana? Har an kai nan ban sani ba?"

"Ba haka ba ne! Ki dai cire, ina roƙon ki."

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Ki bar komai a hannuna."

Ta bar komai a hannunta. Kafin la'asar zanen ya koma can saman zaure, an maƙala shi inda duk wanda ya shigo da shi zai fara cin karo. Kafin Auta ta tashi daga aiki ya isa wayar yayanta, da 'yar tambaya a ƙarƙashinsa: "Yaya, wannan ba zoben gidanku ba ne?"

Tana shiga gida ta tarar da su a falo. Baba na kan kujerarsa ta katako da ya ƙera da kansa. Umma na gefe. Yaya, wanda direban motar kamfani ne, ko rigar aikinsa bai cire ba, yana ta kai-kawo kamar wanda aka ɗaure wa wuta a baya.

"Ga ta nan! Ga 'yar gwal ɗin taku!"

"Sannunku da gida..."

"Rufe min baki! Miƙo hannunki."

Ya kama wuyan hannunta ya ɗaga, ya kara wayarsa kusa da shi.

"Baba, duba. Tabon nan, zoben nan. Duniya duk ta gani! Ƙanwata ta ba wani ƙato hannunta yana murzawa, an zana, an watsa!"

Baba ya kawar da kansa gefe.

"Ɗauke min. Idona ba zai kalli wannan ba."

"Wallahi duk ranar da na kama mai hannun nan sai na karya shi!"

Umma ta miƙa hannu. "Kawo in gani."

Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta kamar yadda masu raunin ido ke yi. Ta duba. Ta ɗago ta kalli Auta. Ta sake dubawa, ta saci kallon hannun mijinta da ke kan gwiwarsa. Sai ta miƙa wa Yaya wayarsa.

Baba bai ɗaga murya ba. Bai saba ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Ɗayan fa? Na wane ne?"

Ta dubi hannunsa da ke kan gwiwarsa. Ta ce masa me? Cewa ta karya dokarsa yana kwance bai san inda kansa yake ba? Cewa ta ɗauki ranar da ya fi kowace rana rauni ta miƙa wa wani saurayi, shi kuma ya mai da ita labarin soyayya, dubban mutane suna ta yabawa?

"Baba... labari ne kawai muke rubutawa. Zane ne..."

"Ban tambaye ki labari ba. Hannun wa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana jira. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Duk cikin 'ya'yana ke ce ban taɓa tambaya sau biyu ba. To shi ke nan. Ranar da kika shirya gaya min, ina da 'ya. Kafin nan, kar ki gaishe ni."

"Baba!"

Ya shige ɗakinsa. Yaya ya fizge wayarta ya jefa aljihu.

A kicin Umma ta rutsa ta, ta turo ƙofa.

"Ke! Don ƙaniyarki, hannun mijina kika ba wani kyaftin?"

Auta ta zaro ido. "Umma, kin gane?"

"In kasa ganewa? Farcen nan ina amarya guduma ta tsaga shi, ni na ɗaure masa. Yayanki ne dai sakarai, ya girma a hannun bai taɓa kallonsa ba."

"To ki gaya masa mana, Umma, don Allah..."

"Ni? Ni na ɗauki hoton? A asibiti kika ɗauka ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Innalillahi! Yarinya, kin iya jawo wa kanki. Bakina ba zai shiga ba. Ke kika ɓata, ke za ki gyara." Ta ɗauki ludayi, ta ajiye. "Amma fa yaron ya iya zane, ja'iri. Wane ne shi?"

"Umma!"

"Tambaya na yi."

Kwanaki suka yi ta wucewa. In ta shigo falo Baba ya miƙe. In ta durƙusa gaishe shi ya kalli bango. Maganin hawan jininsa da ta saba kai masa shago kullum da yamma, yanzu sai dai ta ajiye a kan benci ta juya, ko kallonta ba ya yi. Ta rame, idonta ya faɗa. A kanti har ta fara miƙa wa mai ciwon ciki maganin mura, sai da mai kantin ya daka mata tsawa.

Ranar nan da hantsi sai ga Bahago, jakar zanensa a kafaɗa, gashin kansa a hargitse.

"Maganin ciwon kai," ya ce.

"Ya ƙare."

"Ga shi can ina hangowa."

"Na ce ya ƙare! Fita!"

"Tawada, na yi ta kiran wayarki wani ƙato yana ɗauka yana tambaya ta girman hannuna. Me ke faruwa? Uwar Zaure ta sanar wai kin ajiye rubutu, wai ita za ta ƙarasa babin ƙarshe, ni in zana mata."

Auta ta saki baki.

"Ita za ta ƙarasa labarina?"

"Har ta turo min. Ta kashe Likita, ta kawo wata sabuwar ma'aikaciyar jirgi mai kama da ita."

"Ka zana?"

"In zana me? Na ce mata hannuna ya yi targaɗe."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. Ta gaya masa duk abin da ya faru, tana yi tana share ido da bayan hannu. Ya saurara, fuskarsa ta canza.

"Ni na jawo," ya ce. "Ni zan gyara. Zan je wurin Baba in ce hannuna ne."

"Ka ce me?"

"In ce nawa ne. In ce ina son ki, da aure nake nufi. Fushin ya dawo kaina, sirrin asibiti ya zauna a rufe."

"Ka haukace? Ka je ka tabbatar masa da abin da bai faru ba? Ka ce masa 'yarsa ta zauna da kai kana riƙe da hannunta?"

"To ya fi ya ji..."

"Bahago, kalle ni. Kar ka je. Ka ji abin da na ce? Kar. Ka. Je."

"Na ji, rabin raina."

"Maimaita."

"Kar in je."

"Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abin da aka ce maka, ba abin da ka ga dama ba!"

"In sha Allahu."

Ya fita ba tare da maganin ciwon kan ba.

Wanda bai taɓa bin abin da aka rubuta masa baƙi da fari ba, ina zai bi na baka?

Da yamma ta tashi daga aiki, ta nufi shagon Baba da maganinsa a leda. Tun daga bakin layin ta ji babu ƙarar zarto. Motar kamfanin su Yaya na tsaye a ƙofa. A jikin wata sabuwar ƙofa da aka jingine a waje kuwa, ga jakar zane a rataye.

Jakar Bahago ce.

Ta shiga da sauri, garin katako na tashi a ƙafarta. Baba na zaune a kan benci, tabaransa a goshi. Bahago na durƙushe a gabansa. Yaya ya cukuikuye masa wuyan riga ta baya.

"...nawa ne, ranka ya daɗe," Bahago ke cewa. "Ni na matsa mata. Ba ta da laifi. Duk hukuncin da za a yi, a yi min."

"Ka ji ko, Baba? Ya amsa da bakinsa! Miƙo hannun!"

"Ƙarya yake yi!"

Duk suka juyo.

Auta ta jefar da ledar, ta nuna Bahago da yatsa.

"Me na ce maka ɗazu? Me na ce maka? Har maimaitawa na sa ka yi!"

"Tawada, bari in..."

"Yi min shiru! Ka lalata babi na haƙura, ka lalata min zaman gida na haƙura, yanzu kuma ƙarya za ka yi wa ubana a cikin shagonsa?"

Ta juya ta zube a gaban Baba, gwiwoyinta cikin garin katako.

"Baba, bai taɓa riƙe hannuna ba. Wallahi ko sau ɗaya. Hannun da ke cikin zanen... naka ne."



"Nawa," in ji Baba.

"Lokacin da kake asibiti. Ka hana ɗaukar hoto, na ɗauka. Na ga kamar ba za ka tashi ba, na ce ko hannunka ne in samu in riƙa gani. Daga baya na tura wa wannan don ya zana hannun wani tsoho marar lafiya a labarinmu, shi kuma da taurin kansa ya liƙa wa saurayin. Kunya ce ta hana ni faɗa. Na gwammace ka zarge ni da wancan da ka san na tona maka asiri. Ka yafe min, Baba..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Baba ya sauko da tabaransa kan hanci. Ya miƙa wa Yaya hannu.

"Kawo abin nan."

Sai yau ya kalli zanen. Ya daɗe yana kallo. Ya juya nasa hannun, ya dubi farcen, ya sake duban wayar.

"Na ce kar a ɗauki hoto."

"Ka faɗa, Baba."

"Kin ɗauka."

"Na ɗauka."

"Kin kuma ba bare."

Ta sunkuyar da kai ƙasa.

Ya yi gyaran murya. Da ya sake magana, muryar ta ɗan dushe.

"Ranar nan... riƙe da hannuna kike?"

"Kullum, Baba. Tun safe har Umma ta karɓe ni."

"Ban sani ba."

Ya cire tabaran, ya goge shi da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata. Sannan ya ɗora tafinsa a kanta.

"Tashi. Kin yi laifi, kuma kin ji jiki. Gobe in na hana abu, ki hanu. In kuma kin karya, ki zo ki faɗa min da bakinki, kar ki bar ni ina zargin 'yata. Tashi, Autata."

Ta kama hannun da hannu biyu ta kifa fuskarta a kai.

Baba ya ɗago ya dubi Yaya, ya miƙa masa ɗaya hannun.

"Kai kuma ga shi. Ka ce za ka karya."

Yaya ya saki rigar Bahago, ya hau sosa ƙeya.

"Baba, ai ni... wata ce ta turo min..."

"Wata ta turo maka, ka kwaso da gudu ka zubar a tsakar gidana. Ba ta wayarta. Ka je ka mayar wa mutane motarsu."

Ya ajiye wayar Auta a kan benci, ya fice sumui-sumui.

Saura Bahago, wanda ya yi tsuru-tsuru a durƙushe.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna. Ka shigo shagona ka dube ni ka yi min ƙarya."

"Na yi kuskure, ranka ya daɗe. Na ga tana shan wahala ne..."

"An ce ka zana tsoho, ka zana saurayi. An ce kar ka zo, ka zo. Kai ba a gaya maka magana ka ji?"

"Haka yake, Baba!" Auta ta ɗago da jajayen idanu. "Wallahi haka yake! In na rubuta ruwa sai ya zana wuta!"

"Ba da ke nake ba."

Ya sake ɗaukar wayar Yaya da aka manta a gefensa, ya ƙura wa zanen ido.

"Wannan mai hular, shi ne wa?"

"Kyaftin ne, na jirgin ruwa."

"Yarinyar fa?"

"Likitar jirgin."

"Matarsa ce?"

Bahago ya kalli Auta. Auta ta kalli ƙasa.

"A'a... tukuna dai. Ba mu rubuta ƙarshen ba."

Baba ya haɗe gira.

"Ba matarsa ba ce, yake riƙe da ita a bainar jama'a? Da hannuna?"

"Baba, labari ne..."

"Labari ko ba labari ba, hannuna bai taɓa riƙe 'yar mutane a banza ba, ba kuma zai fara da tsufana ba. Ku je ku aurar da su."

"To ai Uwar Zaure ta ce..."

"Ban san wata uwar zaure ba. Ke kika fara, ke za ki ƙarasa. Shi kuma ya zana abin da aka ce masa." Ya juya ga Bahago. "Mahaifinka na da rai?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Ka ce masa ina son ganinsa. Ba don ka burge ni ba. Mutumin da zai zo a karya masa hannun da yake cin abinci da shi saboda 'yata, gara in san gidansu. Amma ka ƙara yi min ƙarya, ni da kaina zan karya shi."

Bahago ya rasa bakin godiya, sai sunkuyar da kai yake yana "Allah Ya ƙara girma, Allah Ya ƙara girma."

A waje, ya saɓa jakarsa, yana murmushi har kunne.

"Kin ga da ban zo ba..."

"Kar ka soma."

"Tawadata, gaskiya fa, da na bi maganarki..."

"Na ce kar ka soma! Da ni ban zo ba, da Yaya ya ɓalla ka biyu!"

Tana shiga zaure ta ɗora gajeren saƙo: Tawada ba ta ajiye rubutu ba, Likita kuma ba za ta mutu ba. 'Yan zaure suka yi ca a kan Uwar Zaure da tambayoyi, ta yi ta kame-kame, kafin sati ya zagayo ta sauka da kanta, wai karatu ya yi mata yawa.

Babin ƙarshe ya fito ana saura kaɗan bikin Auta da Bahago. Auta ta rubuta an ɗaura auren Kyaftin da Likita a kan jirgi, amarya na murmushi. Ta kira shi ta karanta masa layin sau biyu, ta ce ya rantse.

Ya rantse.

Da zanen ya fito, amarya ta haɗe rai, ta riƙe ƙugu, tana nuna ango da yatsa. Ango kuwa sai washe baki yake.

Ta kai wa Baba ƙara har shago, wayar a hannunta tana huci.

"Baba, duba! Murmushi na rubuta! Kai da kanka ka ce ya zana abin da aka ce masa!"

Baba ya ajiye zarto, ya sa tabarau. Ya dubi amaryar da ke cikin zanen, ya ɗago ya dubi 'yarsa da ke tsaye riƙe da ƙugu.

"Wannan karon," ya ce, "yaron bai yi ƙarya ba."